Ƙarfen Dafawa na Hawa na Huɗu

Zuwa ga Guduma,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Mu ma lafiya lau, sai gwiwar Inna da take ta yi mana wasan ɓuya, yau ta tafi gobe ta dawo. Idan ka manta wace ce, to ni ce jikar yayar kakarka, makauniyar nan da ka fasa wa rediyo kana yaro don ka ga mutumin da ke magana a ciki. Daga ranar na sa maka Guduma. Na ji yanzu Injiniya ake kiranka, amma ni ban ga dalilin canzawa ba.

Kada ka yi mamakin ganin wasiƙa. Ni nake bugawa da kaina a kwamfuta, taka kuma wayata ce za ta karanta mini da muryar nan tata mai kama da ta mai mura. Duk yini ina amsa kiran masu ƙorafi a wurin aiki, don haka idan na tashi ba na son ko jin ƙarar waya.

Ga abin da ya sa na neme ka. Manajanmu ya sanar cewa za a gyara gininmu, a ƙara matakalar gudun gobara ta baya, da ya ambaci kamfanin da ya samu aikin sai na ji ashe naka ne. Ofishinmu yana hawa na huɗu. Mu biyu ne marasa gani, ni da abokin aikina Dogo, wanda yake fama da asma. Ka san tsarin da aka yi mana idan wuta ta tashi? Mu zauna a kujerunmu har wani ya tuna da mu. Da aka yi gwajin ƙararrawa bara, kowa ya sauka, aka ƙirga mutane a waje, aka tafa, aka dawo aka same mu muna zaune. Dogo ya yi dariya, ni kuwa ban yi ba. Tun daga nan nake jin tsoro, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Ba na son mai jagora, hanya nake so. Ina gyara kifi rannan sai na lura da abin da kowace mace ta sani: idan ka shafa shi daga kai zuwa wutsiya santsi ne, idan ka juyo sai ɓawon ya riƙe maka yatsa. To me zai hana a yi ƙarfen dafawa a jikin bango mai irin wannan ɓawon, wanda zai yi santsi idan mutum ya nufi mafita, ya yi kaushi idan ya juya mata baya? Rubutun makafi yana da kyau, amma wa zai tsaya karatu hayaƙi na bin sa? Wannan kuwa ko hannu na rawa zai gane.

Idan shirme ne ka faɗa mini. Idan ba shirme ba ne, ka biya ni rediyona da shi.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Na samu saƙonki, na kuma yi murna ƙwarai. Duk muna lafiya, a gaida Inna, Allah ya ba ta sauƙi. Maiɗakina ta karanta maganar rediyon, yanzu a gidan nan ba mai kirana Injiniya. Kin cuce ni.

Yaya, wallahi ba shirme ba ne. Na kai wa mai waldanmu zancen, sai ya tura a sayo masa kifi. Mun lalata ƙarfe ba kaɗan ba kafin mu samu wanda zai riƙe yatsa ba tare da ya yanke shi ba. Ga guntu nan na haɗo da wasiƙar, ki shafa ki gaya mini gaskiya, na san ba kya rage wa kowa.

Na nuna wa Manajanku, da farko ya ce zai ɓata kyan bango. Sai na ce masa ya tuna idan hayaƙi ya cika wuri, shi da ke duk ɗaya ne, ba mai ganin tafin hannunsa. Nan take ya yarda. Za mu sa shi daga ƙofar ofishinku, ya bi koridon gaba, wato doguwar hanyar da ke tsakanin ofisoshi, ya shiga koridon baya, har bakin sabuwar matakala. Za mu kuma zana koriyar kibiya a sama don masu ido.

Na yi miki alkawari, ranar da na miƙa makullin ginin nan za ki iya fita titi ba tare da kin taɓa rigar kowa ba. Zumuncin da muka bari ya yi sanyi, ga shi ƙarfe ya dawo mana da shi.

Ƙaninki, Guduma

*

Zuwa ga Guduma,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Inna ta samu sauƙi har ta fara faɗa, ka ga lafiya ta samu ke nan. Na ji an ce ƙaramar ƴarka ta yi zazzaɓi, yaya jikin nata?

Yaranka sun gama koridon gaba, kuma na bi shi ya fi a ƙirga, har masu shara sun fara tambaya ko wani abu na yar. Guduma, ka yi aiki. Hannu yana tafiya a kai ba ya tambayar kowa. Manaja ya tara ma'aikata gaba ɗaya, ya sa ni a gaba na koya musu: idan ba ka gani, ka dafa ƙarfe ka bi santsi. Sai ga manyan mutane sun rufe ido suna lalube suna ƙyalƙyala dariya. Yanzu duk wanda ya gamu da ni sai ya ce, "Hajiya Bi-Santsi, ina kwana?"

Dogo dai ya ƙi. Ya ce shi ya daɗe da daina yarda da abin da masu ido suka ƙera masa. Na ce ai wannan ni na ƙirƙiro, ƙanina kuma ya ƙera. Ya ce, "To idan ranar ta zo, ke ki dafa ƙarfen, ni in dafa kafaɗarki." Na ce na ɗauka.

Abu ɗaya ya rage. Koridon baya har yanzu a toshe yake da katako saboda masu fenti, ban samu na taɓa shi ba, kuma sabon wuri ne, ban san shi ba. An ce mini idan an shiga hanya ta rabu biyu, ɗaya matakala ɗaya sito. Can ne ƙarfen zai yi aikinsa na gaske. Don Allah kafin ka miƙa makulli, ka ɗaure idonka da ƙyalle ka bi shi da hannu daga kujerata har ƙasa. Kai da kanka, kada ka aiki yaro, kada kuma ka leƙa. Na san halinka.

Yayarka

*

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, ki yi haƙuri da jinkirin amsa. Yarinya ta warke, mun gode. Duk abin da kika ce an yi, hankalinki ya kwanta. Mun miƙa makulli, za a cire katakon koridon baya cikin makon nan.

Albishirinki: wani babban asibiti ya ga hoton ƙarfen, suna so mu yi musu a duk benayensu. Can nake kwana nake tashi yanzu. Idan na samu sarari zan zo mu yi hira sosai.

Guduma

*

Zuwa ga Guduma,

Ina gaishe ka. Ina da rai, kuma likita ya ce ƙirjina zai washe. Dogo yana asibiti da robar iska a hanci. Ba mu gaya wa Inna komai ba tukuna.

Wataƙila ka ji a bakin mutane, amma ka ji daga gare ni. An cire katakon da yammacin Alhamis bayan mun tashi. Washegari da safe na ce da Dogo lokacin hutun rana za mu je mu gaisa da koridon baya. Ba mu kai rana ba. Da hantsi wayar wuta ta kama a ɗakin injuna da ke ƙarƙashinmu, hayaƙi ya hau ta ramin lifta ya rufe matakalar gaba. Masu ido suka ruga tun ana ganin hanya. Ban riƙe kowa a rai ba, kowa ransa yake so.

Na miƙe na ce, "Dogo, kafaɗa." Ya dafa. Wallahi Guduma, ba tsoro a raina, har wani daɗi nake ji, don ga ranar da muka shirya mata. Muka bi koridon gaba, muka tura ƙofa, muka shiga na baya har inda hanya ta rabu biyu. Na shafa dama, santsi. Na shafa hagu, kaushi. Na sake shafawa don in tabbatar, sannan muka yi dama. Dogo yana tari yana cewa, "Kin tabbata?" Ni kuma ina cewa, "Ƙanina ne ya yi, taho."

Ƙarfen ya ƙare a jikin wata ƙofa. Na murɗa, a kulle. Na lalubi ƙasa da sanda ko zan ji matakala, sai bokitan fenti. Sito ne. Kafin in gane abin da ya faru in ce mu juya, hannun Dogo ya zame daga kafaɗata, na ji faɗuwarsa. Daga sunansa ka san tsawonsa, ba zan iya ɗaga shi ba. Na cire mayafina na rufe masa hanci, na kama wuyan rigarsa ina ja a ƙasa, ɗaya hannun yana kan ƙarfenka yana bin kaushi, yana bin abin da na koya wa mutum hamsin cewa kada su bi. A haka ƴan kwana-kwana suka same mu.

Jiya na sa maƙwabciyata ta raka ni ginin. Na shafa shi a natse, ba hayaƙi, ba ihu. A juye yake, Guduma. Tun daga mararrabar har ƙarshe a juye yake. Ta ce mini korayen kibiyoyin kuwa duk matakala suke nunawa, sun yi kyau abinsu.

Ban rubuto don in zage ka ba. Aiki ya gaji kuskure, kuma na san yara ne suka ɗaura. An kafa kwamitin bincike, za su kira ka. Ka gaya musu abin da ya faru, a gyara, shi ke nan. Tambaya ɗaya kawai nake da ita: ka ɗaure idon kuwa?

Yayarka

*

Guduma,

Ban ji daga gare ka ba, sai na ce ko aikin asibiti ne ya riƙe ka. Ina fatan lafiya. Ni ina nan. An cire wa Dogo robar, amma ba ya iya dogon zance.

Yau aka ba mu rahoton kwamiti. Na ɗora wayata a kai ta karanta mini, na sa ta maimaita wani wuri har sai da na haddace. An rubuta cewa ɗan kwangila ya tabbatar an ɗaura komai bisa tsari, kwamiti ya zagaya ya ga alamomi suna nuna mafita daidai, kuma ɗan kwangila ya bayyana cewa mai yiwuwa ma'aikaciyar ta rikice saboda firgita.

Sun zagaya sun gani. Mutum biyar, ba wanda ya ciro hannu daga aljihu.

Su ban damu da su ba, ba su san ni ba. Amma kai? Da ka yi shiru ma da na ce tsoro ne. Kai da na aiko wa abin da ke raina, ka zauna gaban mutane ka ce hannuna ne ya ɓata. Hannun nan da shi nake cin abinci, da shi nake sanin fuskar Inna, shi kaɗai nake da shi da ba wanda ya taɓa cewa ƙarya yake. Na ji ciwon hayaƙin nan, amma bai kai wannan ba. Ka ci amanata, kuma ina so ka ji na faɗa da bakina.

Na je wa Manaja na ce ya taso ya shafa da kansa, ya ce shi ba zai yi jayayya da rahoto ba, in je in huta. Na je asibiti, matar Dogo ta tare ni a ƙofa ta ce yana barci, alhali ina jin tarinsa. A ofis ba mai ce mini Bi-Santsi yanzu, sai "sannu" a hankali, irin wadda ake yi wa mara lafiya.

Na shigar da ƙorafi a hukumar kula da gine-gine. Sun ce za su turo mai dubawa, kuma kafin ya zo ba wanda zai taɓa ko ƙusa ɗaya a koridon. Sai ka shirya abin da za ka gaya masa.

Wadda ka sani

*

Zuwa ga Yaya,

Ina gaishe ki, ina kuma yi miki sannu da jiki, ke da Dogo. Na fara rubuta wasiƙar nan na yaga ba sau ɗaya ba. Maiɗakina ba ta yi mini magana tun da ta karanta taki.

Yaya, kin ɗauki maganar da zafi fiye da yadda na faɗe ta. Ban ce kin yi ƙarya ba. Tambayata aka yi ko mutum zai iya rikicewa idan hayaƙi ya rufe masa ido, na ce zai iya. Su suka rubuta ta yadda suka rubuta.

Ga yadda abin ya faru. An ƙera ƙarfen koridon baya don bangon hagu. Ana gab da ɗaurawa Manaja ya ce a bangon nan zai kafa allon hotunan shugabannin kamfani, a mayar da ƙarfen ɗaya bangon. Ƙafafun ƙarfen da ake kafewa a jikin bango a gefe guda suke, don haka yara suka juya shi kai ya koma wutsiya don ƙafafun su kalli bango. Mai fenti ya zo daga baya ya zana kibiyoyi yana kallon matakala. Da na zo dubawa na ga kibiya daidai, ƙarfe a miƙe, ga mutanen asibiti suna jirana a mota. Ban gane ba sai da na karanta wasiƙarki.

Ranar kwamiti kuwa, ki duba halin da nake ciki. Mutum ashirin ke cin abinci a ƙarƙashina. Idan aka rubuta cewa ƙarfen ya kai mutane sito, asibiti za su janye, kuma ba wanda zai ƙara yarda da wannan dabarar, dabararki. Ita nake karewa.

Yanzu ga matsalar. Na bincika, mai dubawar hukuma ba zai zo ba sai bayan wata huɗu ko biyar, layi ne. Kafin nan doka ta hana ni taɓa ƙarfen. An dawo aiki a hawa na huɗu, wayoyin ginin nan tsofaffi ne, kuma duk ma'aikatan an koya musu su bi santsi. Ba na iya barci. Na roƙi Manaja a manna takardar gargaɗi, ya ce manna ta daidai yake da amsa laifi.

Idan kika janye ƙorafin, ranar Asabar zan zo da mai walda mu juya shi, aikin rabin yini ne, Manaja ya yarda zai ba da makulli. Sai dai takardar janyewar tana da layin da ke cewa mai ƙorafi ta amince da rahoton farko. Na san abin da nake roƙo. Ina kuma so ki zo ki shafa da hannunki, don ban ƙara yarda da idona ba. Ki dubi zumunci, Yaya.

Ƙaninki

*

Guduma,

Muna lafiya. Inna ta ji labari a wajen maƙwabta, ta tambaye ni ko kai ne yaron, na ce wani kamfani ne. Ba don kai na yi ba, don hawan jininta ne.

Ka ce hayaƙi yana rufe wa mutum ido. Wane idon? Ban tsaya kan wannan ba, kuma ka ga har yanzu ba ka amsa tambayar ƙyallen ba, na daina jira.

Ka riga ka san abin da na yi tunda ka gan ni ranar Asabar, amma ba ka san yadda aka yi ba, don ban ba ka fuskar tambaya ba. Na kwana biyu ina cewa ba zan janye ba. Na so mai dubawar nan ya zo ya ɗora hannunsa, ya ce matar nan gaskiya ta faɗa. Ban taɓa son wani abu kamar yadda na so wannan ba. Na bi tebur tebur ina gaya wa mutane cewa a koridon baya kaushi za su bi, suna cewa "to, to" suna ci gaba da buga kwamfuta. Sai ranar Talata wani ya ƙona burodi a ɗakin shayi, ƙararrawa ta ɗan yi ƙara, na ji wata mai juna biyu da ke zama kusa da ni ta tashi da sauri, zobenta ya bugi ƙarfen. Washegari na tafi hukuma.

Akawun ya karanta mini layin da ƙarfi, ya ce, "Kin amince?" Na ce na amince. Ya kama hannuna ya ɗora a inda zan sa hannu. Kada ka ce zumunci na duba, ban duba shi ba ko kaɗan.

Bayan kun kwashe kayanku kun tafi, na koma kujerata na fara daga farko ni kaɗai. Koridon gaba, ƙofa, mararraba, hagu. Santsi har bakin matakala. Na sauka, na tura ƙofar ƙasa, sai ga iska da ƙarar motoci. Ban taɓa rigar kowa ba. Na daɗe a tsaye a bakin titi, ina ta neman murnar da na ajiye wa wannan ranar, ban same ta ba.

Aikin ya yi daidai yanzu. Ka yi na asibiti da kyau, ka sa marar gani ya bi kowane bango kafin ka karɓi ko sannu da aiki. Kada ka turo mini kuɗi ko kaya, kada kuma ka sa sunana a takardunku kamar yadda ka ce wa mai walda za ka yi. Wannan ce wasiƙata ta ƙarshe, idan ka rubuto ba zan ɗora waya a kai ba.

Dogo ya dawo aiki jiya. Tun yana asibiti na samu na gaya masa gaskiya ta waya, kuma ya yarda da ni a lokacin. Amma an aika wa iyalinsa kwafin takardar janyewar, matarsa ta karanta masa. Ya ce mini, "Kin ce ƙarfe ne, kin kuma sa hannu cewa ke ce. Ni wanne zan kama?" Na ce ya taso in kai shi ya shafa da kansa, an gyara. Ya ce idan daidai yake yanzu, ta ina zai san ba daidai yake ba a da?

Ya nemi Manaja ya mayar da shi tsohon tsari, an kuma yarda. Idan ƙararrawa ta kaɗa, Dogo zai zauna a kujerarsa ya jira maigadi.

Jikar yayar kakarka